Yaya Habu da Tsuntsun Iya

Ƙwas, ƙwas. Ludayi ne ya bugi bakin ƙwarya ina dama fura, sai na ji hawaye sun zubo mini ban shirya ba. Da wannan ƙarar ce Iya, kakarmu ta wajen uba, take kiranmu tatsuniya a gidanmu na Unguwar Shanu. Ba ta ɗaga murya. In an idar da isha'i, an kwashe tuwo, sai ta ja kujerarta kusa da murhu, ta watsa gyaɗa a kasko bisa sauran garwashi, ta ƙwanƙwasa ƙwaryar furarta. Kafin ta ajiye ludayin mun cika tabarma, har da yaran maƙwabta.

Mu zama muke yi, amma ban da yayana Habu. Shi a tsaye yake sauraro. In Iya ta ambaci kura, ya karkace baya ya hau ɗingishi. In ta ambaci sarki, ya naɗa zanen gado a ka yana hura hanci. Sai ta ce, "Kai wannan miji nawa na banza, kullum sai ka ƙwace mini kasuwa." Shi kuma ya ce, "To ai ke tsohuwa haƙoranki sun ƙare, ni ne bakinki." Ta kai masa duka da mafici tana dariya.

Akwai tatsuniyar da ya fi so, ta wani ɗan tsuntsu da shi kaɗai ya iya waƙar kiran ruwa. Duk shekara in rani ya tsananta, sauran tsuntsaye na ɗibar ciyawa suna saƙa sheƙa, shi yana can ƙololuwar rimi yana rera waƙa har maƙoshinsa ya bushe. In hadari ya haɗo, kowa ya shige sheƙarsa, manoma su fita shuka da murna, shi kuwa ruwan ya yi ta dukansa. Wata rana hazbiya ta ce masa, "Ɗan'uwa, ba ka sauko ka yi wa kanka ɗaki ba?" Ya ce, "In na sauko, wa zai kira?" Da girma ya fara kama shi, sai ya soma ɗaukar ciyawa ɗaya ɗaya tsakanin waƙa da waƙa. Yana cikin saƙar, ruwa ya sauko.

A nan Iya take tsayawa ta ce, "Shi ya sa aka ce tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka." Yaya Habu kuwa ya yafa mayafinta kamar fukafukai, yana karkarwa a tsakar gida, yara na ta ƙyalƙyala dariya. Ni ban taɓa yin dariyar ba. Na tambaye ta, "Iya, ya gama sheƙar?" Ta ce, "Ke dai ci gyaɗarki, Hauwa. Tatsuniya ba ta faɗa ba."

A aji uku na sakandare Yaya Habu ya bar makaranta ya bi 'yan wasan kwaikwayo. Baba ya daɗe bai amsa gaisuwarsa ba. Ni na ci gaba har na kammala, aka yi mini aure aka kawo ni unguwar Abakpa. Shi kuma ya fara fitowa a talabijin, daga baya a fim. Sau da yawa rawar mugu ake ba shi, har wata tsohuwa ta taɓa tare shi a kasuwa ta yi masa Allah ya isa. Ya durƙusa ya ce, "Na tuba, Baaba," ya ɗaukar mata kayanta har bakin titi. Amma abin da ya fi jin daɗi shi ne wasan faɗakarwa a fili, kan riga-kafi, ko yankar katin zaɓe, ko kwashe kwata kafin damina, ko sa yara makaranta. Yakan ce mutumin da ba zai saurari wa'azi ba, in ka ba shi dariya sai ya tsaya.

Wata rana da la'asar ya shigo gidana babu barkwancin da ya saba. Ya ce sun yi wasa a Rigachikun kan sa yara makaranta, an yi ta tafi, sai wani manomi ya kama hannunsa ya ce, "Malam, ka yi magana. Gobe zan kai nawa. Kai a wane aji ka tsaya, in gaya musu?" Ba da wata manufa mutumin ya tambaya ba. Yaya Habu ya ce dariya ya yi ya zame, amma tambayar ta hana shi sukuni.

"Hauwa, na yi alƙali, na yi likita, na yi shugaban makaranta, duk da rigar aro. In aka miƙo mini takardar aiki da Turanci, sai na nemi mai karanta mini. Malama, ɗauke ni aji."

Gemunsa ya fara furfura a lokacin. Ya yi rajistar jarrabawar kammala sakandare, kusan kullum yana kan tabarmata da littattafan babbar 'yata. Turanci bai ba shi wuya sosai ba, don ya saba hadda. Lissafi ne ya zame masa ƙarfen ƙafa. In ya ci tambaya guda, sai ya miƙe ya zagaya tsakar gida yana yi wa kansa kirari. Na ce masa ya rage fita ƙauyuka har a gama. Ya ce, "Yanzu ma na samu bakin magana. Sai in ce musu ga ni da furfura ina aji, ku me kuke jira?"

Ni na fara lura da kumburin ƙafarsa, don takalminsa ya daina shiga. Ya ce zama ne a mota. Ashe ƙoda ce, kuma ta yi nisa. Ko a gadon asibiti, ana yi masa wankin ƙoda, cewa yake, "Malama, jefo tambaya." Ina karanto masa ina haɗiye kuka. Saura 'yan makonni a shiga jarrabawa, ranar wata Juma'a, Allah Ya karɓi abinSa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina yarinya na ɗauka da tatsuniyar tsuntsun nan Iya gargaɗi take mana, kowa ya yi ta kansa. Yanzu kam ba ni da tabbacin haka ne. Wajen zaman makoki na ga mutanen da ban taɓa gani ba, wata ma ta ce saboda wasansa mijinta ya bar 'ya'yanta suka shiga makaranta. Na yi hamdala, na roƙi Allah Ya sa wannan a mizaninsa. Sai dai zuciya ba ta jin lallashi. Na so a ce ya zauna a ɗakin jarrabawar nan ko da na yini guda ne, ko da zai faɗi.

Autana Sadiq sunan Yaya Habu ya ci. Ran da ya fara ganin an harbe Kawunsa a fim ya yi kuka har ya shiɗe, sai washegari Yaya Habu ya zo da alewa ya ce, "Ga ni, takwara, wasa ne." Tun daga nan in ya ga an kashe shi a talabijin, dariya yake yi.

Bayan sadakar uku, da mutane suka watse, ina zaune ina tattara littattafan da ya bari a ɗakina, kuka ya ci ƙarfina. Sadiq ya zo ya dafa gwiwata, ya leƙa fuskata.

"Umma, ki daina kuka mana. Ai Kawu ya saba mutuwa. Ki bar masa littattafansa, gobe zai zo karatu."