Gawar da Arcesio Ya Ƙi Turawa

Ranar da Arcesio Rentería ya fara gaya mini yana jin Ubangiji na kiransa aikin fasto, a ranar na yi asarar haƙorana. Ina zaune a gefen kwalekwalen da yake sassaƙawa, na wangale baki na kece da dariya, sai na ji iska na shiga inda ba ta saba shiga ba. Haƙoran roba huɗu, waɗanda sai da na je har birnin Quibdó aka yi mini, suka nutse a kogi ina kallo. Matan da ke wanki suka sa shewa. Tsohuwa Herminia ta ce, "Shi ke nan, Tiberio, daga yau kifin kogin nan zai fara zuba ƙarya."

Arcesio ko murmushi bai yi ba. Gizagonsa ya ci gaba da ci.

Shekarunsa arba'in da bakwai a lokacin. Rabin kwalekwalen ƙauyenmu aikin hannunsa ne, kuma in aka yi rasuwa shi ke haɗa akwatin gawa. Karatunsa bai wuce aji uku ba, da yatsa yake bin layi. Mutum ne da in ka gaishe shi da safe sai ka karya kumallo ka dawo karɓar amsa. Yana da mata, Nelfa, da 'ya'ya mata uku.

Majami'armu ta katako ta yi wata takwas ba fasto, kuma kowa ya san dalili. Masu bindigar da ke riƙe da kogin, waɗanda muke kira mutanen daji, sun kafa doka: duk gawar da ruwa ya kawo, kada a taɓa. A sa gora a tura ta gaba. Ƙauyen sama su turo mana, mu tura wa na ƙasa. Fasto Eliécer ya tsamo ɗaya ya binne. Bayan kwana uku jirginsu ya tsaya a mashigi, mutum biyu suka hau gidansa, suka gaishe shi da ladabi, suka sha kofinsa, suka tambaye shi ko har yanzu 'yarsa ita kaɗai take tuƙa kwalekwale zuwa makaranta. Kafin ƙarshen mako ya kwashe iyalinsa.

Bayan tafiyarsa ne wata gawa ta maƙale a gungumen da Arcesio ya ɗaure a ruwa. Saurayi ne, takalmi ɗaya a ƙafarsa. Arcesio ya ɗauki gora ya tura, kamar yadda kowa ke yi. Daga ranar ya daina cin kifi. Nelfa ta soya, ta dafa da ruwan kwakwa, sai ya ture kwanon ya ci agade gaya. Bai ji wata murya daga sama ba, bai yi mafarki ba. Abin da ya sani kawai, in ya wuce majami'a ya ga ƙofar a rufe, sai ƙirjinsa ya yi nauyi.

Shi kansa bai yarda da abin ba. Da dattijon da ke zagaya majami'un kogi ya zo, Arcesio ya tambaye shi kai tsaye, "Baba, kira ne wannan, ko kunya ce kawai take cina?"

Dattijon ya ce, "Ka ba shi shekara. Kunya tana gajiya."

Ba ta gaji ba. Makon ƙarshe na kowane wata yake shiga jirgi ya tafi birni koyon Littafi Mai Tsarki, cikin samari sa'o'in 'ya'yansa. A shingen mutanen daji sukan buɗe littafin rubutunsa su duba shafi shafi. Wata rana babbansu ya miƙa masa yana cewa, "Masassaƙi, an ce fasto za ka zama. Madalla. Mu muna son fasto mai jin magana." Da Nelfa ta ji, ta yi mako guda tana fushi da shi. Rana ta takwas ya tarar ta goge farar rigarsa ta rataye.

Aka sa Lahadi za a ɗora masa hannu a naɗa shi fasto. Ranar Juma'a da hantsi muka hango ungulu biyu suna tahowa a tsakiyar ruwa, a tsaye a kan wani abu. Masu wanki suka kwashe kayansu. Ruwan ya juyo da abin, ya ajiye shi daidai matakalar mashigi. Mace ce, hannayenta a ɗaure. A ƙetare kuwa, ƙarƙashin inuwa, ga jirgin mutanen daji an kashe inji, mutum huɗu a zaune suna kallonmu.

Wani ya ɗauko gora. Kafin ya miƙa ta, Arcesio ya ajiye gizago, ya tuɓe takalmi, ya shiga ruwa har ƙugu. Nelfa tana tsaye a ƙofar gida, ta tura 'ya'yanta ciki.

Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, na bi shi har bakin ruwa. "Mutumina, kai fa ba fasto ba ne tukuna, sai jibi. Wannan ta riga ta tafi, ba ta san wa ya taɓa ta ba. Ka ga mutanen can? Allah da ya kira ka bai ce ka zo masa yau ba. Ka bari ta wuce, ka yi mata addu'a daga nan, ai yana ji daga nesa."

Ya riga ya tallabo kafaɗunta. A ƙetare na ji an tayar da inji.

Ya ɗago ya dube ni.

"Tiberio, in wa'azi za ka yi, ga mimbari can ba kowa a kai. In ba haka ba, rufe bakinka ka kama ƙafafun."