Ihun da Aka Gwada a Bayan Dutse

Shekarun da Nasara suka ci Kano ba su yi nisa ba, ni bazawara ce a Durba, ina saran itace ina kaiwa kasuwar Kibiya. Wata rana da hantsi, a bayan dutsen da ke gefen hanyar Rano, wani dillalin fatu ya same ni ni kaɗai. Ya yi abin da ya yi. Na yi ihu har muryata ta dushe, ba wanda ya zo.

'Yan uwana suka ce in yi shiru. Mutumin sananne ne a gari, ni ba ni da shaida. Macen da ta ambaci namiji da wannan ba shaida, bulalar ƙazafi ake yi mata, tamanin. Na sani. Na ɗaura zanena da ya yage na tafi wurin alƙali a Rano.

Alƙalin tsoho ne, siriri, ƙafarsa ɗaya tana ciwo. Bai bar ni in faɗi labarin a gaban maza ba. Ya tura ni cikin gida wurin wata tsohuwar ungozoma, ta ji, ta duba jikina, ta fito ta gaya masa a kunne.

Da aka kawo dillalin, sai ya yi dariya. Ya ce a ranar akwai manoma uku suna shara a gonar da ke kusa, a tambaye su. Aka kira su. Suka ce ba su ji komai ba, kuma gaskiya suka faɗa.

Muhuti, mataimakin alƙali, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, magana ta ƙare. Da ta yi ihu da an ji. In muka karɓi irin wannan, gobe kowace mace za ta ɓata wanda ta ga dama."

Alƙali ya ce, "Tsoronka yana kan hanya. Amma ka taɓa zuwa wurin?"

"A'a."

"Ni ma haka. A ɗaura wa jaki akumari."

Washegari muka tafi duka. Ya sa na nuna inda abin ya faru, ya tsayar da dogarinsa a nan, ƙato mai muryar da ake jin ta daga ƙofar gari. Ya ce masa ya yi ta ihu har sai an aiko. Shi kuma ya zagaya dutsen da ɗingishi, ya zauna a gonar tare da ni da manoman da muhuti da dillalin.

Muka jima. Kurciya kawai ke kuka. Can sai ga dogari ya ɓullo yana riƙe da maƙogwaro.

Alƙali ya ce, "Kai, yaushe za ka fara?"

"Allah ya gafarta Malam, na kusa tofar da hanjina!"

Manoman suka fashe da dariya. Dillalin bai yi ba.

Alƙali ya dubi muhuti ya ce, "Dutsen nan ya haɗiye muryar ƙato. Ta mace mai ɗaukar itace fa?" Muhuti ya sunkuyar da kai ya ce ya janye maganarsa.

Duk da haka alƙali bai yanke wa mutumin hukuncin zina ba. Ya ce ba shi da shaidu huɗu, ba zai ƙirƙiro su don ya faranta mini ba. Na ji haushi a lokacin. Ya ce dillalin ya dafa Alƙur'ani ranar Juma'a a masallaci, ya rantse bai taɓa ni ba.

Ranar Juma'a dillalin ya yi alwala, ya miƙa hannu, hannun ya tsaya a sama. Ya ce a yi masa afuwa. Alƙali ya sa aka yi masa bulalar horo a bakin kasuwa, aka tasa shi zuwa gidan yari a Kano.

Sannan alƙali ya juyo gare ni, ya ɗaga murya yadda na bayan taro za su ji, ya ce, "'Yar nan ba maƙaryaciya ba ce. Tashi ki tafi gida."

Na tashi. Ban bi ta bayan gari ba, ta tsakiyar kasuwa na ratsa.