Kazar da Aka Zana Mana a Allo

Na gama jami'a daidai lokacin da aka yi babban taron ƙasa, aka ce mulkin jam'iyya ɗaya ya ƙare. A unguwarmu Zongo mutane sun kewaye rediyo suna murna. Ni kuwa na dawo gida da digirin tattalin arziki, na tarar gwamnati ta daina ɗaukar ma'aikata. Da can kana gamawa ake tura ka biro, wato ofis. A kanmu aka rufe ƙofa.

Kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, kayan gyaran mota yake sayarwa, kuma bai taɓa ƙaunar lakwal, makarantar boko, ba. In na gaishe shi da safe sai ya tsokane ni da "yallaɓai" na Faransanci, ya ce, "Mushe, yau wane biro za a?" Maƙwabtan shagonsa su kwashe da dariya.

Ana nan aka sanar da horo ga masu digiri marasa aiki. Muka cika wani zaure a unguwar Jonquet, kowa ya goge takalminsa. Da mai horon ya shigo na gane shi nan take: tsohon shugaban sakandarenmu ne, wanda kan tsayar da mu a rana muna waƙar juyin juya hali, yana rantsuwa ƙasa na jiran mu. Yanzu ya yi tumbi, ya sa kwat. Ya ɗauki alli ya zana kaza.

Makonni muka yi muna kiwon kaji a allo. Ko ɗan tsako ba mu gani ba. Wata rana ya kakkaɓe hannu ya ce, "Gwamnati ba uwarku ba ce. Kowa ya ƙirƙiro aikinsa."

Na miƙe. "Mushe, a ina zan zuba kajin? Gidanmu ko tabarma sai an naɗe kafin a wuce."

"Wace unguwa kake?"

"Zongo."

Ya yi murmushi. "Ku 'yan Zongo ai kasuwa a jininku take. Me ya kai ka makaranta tun farko?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ku kuka kai ni. Kai da kake cewa mu daina jiran gwamnati, wa ke ciyar da kai har yau?"

Ya kira mai gadi. Aka ja ni waje ta wuyan riga, ba wanda ya ko ɗaga kai. Takardar kammalawa suke jira.

Da na ba kawu labari bai yi dariya ba. Cikin makon ya turo wani tsohon babur tsakar gida, ya ce, "Hau." A yashin bakin teku na Fidjrossè na koyi tuƙi, salansa ta ƙone mini ƙafa har sai da fata ta saɓule. Na sa rigar zemijan, 'yan acaɓar garinmu, na shiga layi a bakin kasuwa.

Shekaru na yi ina shaƙar hayaƙi. Da babur ɗin na yi aure, da shi na ciyar da yara. Mutane kan ce in gode Allah, kuma ina godewa. Amma mai horon nan ban yafe masa ba, kuma da labarin mutuwarsa ya iso ni, ina da fasinja, ban ko rage gudu ba.