Malama Inno da Jan Launin da Muka Goge

Ranar Talata da hantsi, ina ɗakin kwamfuta na makarantarmu ina buɗe wa malamai shafin sakamakon zango na biyu, saƙo ya shigo zauren malamai a waya: Allah Ya yi wa Malama Inno rasuwa a gidanta da ke Ƙofar Rini, za a yi jana'iza bayan azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin in gama karantawa, Darakta, mai makarantar, ya turo dogon rubutu yana kiranta uwa, yana cewa makaranta ta yi rashin da ba za a maye ba. Malamai suka bi shi da amin. Ni ban rubuta komai ba. Shekara biyu ke nan da mutumin nan ya sallame ta, kuma da hannuna aka yi aikin.

Ni ne Bashiru, mai kula da manhajar da malamai ke shigar da hukuncinsu a kan ɗalibai. A ƙarshen kowane zango malamin aji yakan shiga da lambar sirrinsa, ya buɗe sunan kowane yaro, ya zaɓa masa launi a kowane darasi: kore ga wanda ya kai inda ake so, rawaya ga wanda ya kusa, ja ga wanda ke baya. Ba makin jarrabawa ba ne, abin da malami ya gani da idonsa ne cikin wata uku. Iyaye na ganin launin a wayoyinsu, da sunan malamin a ƙasa. Ja kuwa yana wajabta a kira uba, a shirya wa yaro ƙarin darasi.

Ba zan ce marigayiya tana da sauƙin hali ba, don ita ma ba za ta yarda in yi mata ƙarya ba. Aji uku take riƙewa tun kafin in gama sakandare. Manhajar nan ba ta taɓa kiranta da sunanta ba, sai dai ta ce "akwatinka". Abin da wasu ke gamawa cikin awa ɗaya ita sai ta kwana uku a kansa, littafinta na hannu a cinya, tana danna madannai da yatsa ɗaya. In ta yi shakkar yaro, sai ta kira shi lokacin hutun tara, ta ba shi shafin da bai taɓa gani ba ya karanta. Idan na yi ƙorafin za a rufe shafi, takan ce, "Bashiru, ni ban hukunta ɗiyan mutane bisa kujera. Sai na ji da kunnena." Ta taɓa tsare wata sabuwar malama da ta cika ajinta da kore, ta tambaye ta a gaban kowa ko ta san fuskokin yaran. Malamar ta yi kuka. Da yawa ba sa sonta, ni ma nakan kauce mata.

A ajinta akwai Rabi'atu, ɗiyar Malam Garba mahauci na Ƙofar Atiku. Yarinya ce mai kaifin kai. Abin da aka karanta sau ɗaya sai ta maimaita shi tana bin layi da yatsa. Malama Inno ta sa mata ja a karatu, ta rubuta a ƙasa cewa hadda take yi, ba ta iya haɗa haruffa ba. Ita da wasu yara takwas.

Kwana biyu kafin a saki sakamako Darakta ya kira ni ofis, ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa.

"Wanga ja ya yi yawa," in ji shi. "Iyaye na kwashe ɗiyansu suna kaiwa makarantar da anka buɗe unguwar Gidan Dare. Mai da su kore."

Na ce, "Ranka ya daɗe, hukuncin malama ne."

"Ni ad da makaranta ko ita?"

Lambata tana buɗe shafin kowa. Na mayar da tara ɗin kore, na goge bayanin da ta rubuta. Sunanta kaɗai na bari a ƙasa.

Bayan shekara, Rabi'atu na aji huɗu, ubanta ya miƙa mata takardar asibiti ta karanta masa, ta tsaya tana kallonta. Washegari ya zo da kayan aikinsa a jiki, ya tsaya ƙofar aji uku yana ɗaga waya.

"Ke kic ce ta iya! Ga sunanki nan! Shekara guda kin ci amanata!"

A gaban ɗalibanta ya faɗi haka. Ta duba wayar, ta ɗauko littafinta, ta wuce ofis. Aka kira ni. Darakta ya ce manhaja ba ta canza kanta, shekaru ne sun ja, ido ya yi rauni, ta danna ba daidai ba. Sannan ya tambaye ni, Malam Garba na tsaye, ko akwai mai iya taɓa shafinta in ba ita ba. Na ce babu.

"Bashiru," in ji ta, "ɗaga kanka ka hwaɗa mani."

Ban ɗaga ba. Ƙarshen zangon aka ba ta takarda cewa ta je ta huta. Malaman da suka rubuta amin ranar rasuwarta sun san abin da ya faru, domin an taɓa nasu shafukan su ma. Babu wanda ya buɗe baki. Wasu har shayi suka sha a kan labarin.

Malama Inno kuwa da ƙafarta ta je Ƙofar Atiku. Malam Garba ya ƙi fitowa, sai ta yi magana da uwar yarinyar. Daga nan kullum bayan la'asar Rabi'atu na tabarmarta, har ta iya karatu.

Wata uku da suka wuce na ji ciwon suga ya kwantar da Malama Inno, na je. Na durƙusa na faɗa mata komai, na nemi gafara. Ba ta yi mamaki ba.

"Na sani tun rannan," ta ce. "Amma ba ni ɗai kac cuta ba. Su tara na. Guda na iske. Ina takwas? Tahi ka nemo su, ka gaya ma uwayensu, sa'annan ka dawo mu yi zancen yahiya."

Na fitar da sunayen. Na je gida biyu, kunya da tsoron aikina suka hana ni sauran. Kullum ina cewa mako mai zuwa. Ban koma ba, ta rasu ba ta ce ta yafe mini ba, kuma ba ni da bakin cewa ta yi tsanani.

A zaman makoki Darakta ya zo da buhun shinkafa, ya zauna sahun gaba, yana ba mutane labarin riƙon amanarta. Na dube shi ban ga alamar maganar tana ƙona masa harshe ba. A gefe Malam Garba na zaune ya rufe fuska da hannu. Na matsa kusa da shi na gaya masa wanda ya canza launin, da wanda ya ba da umarni. Ya tashi ya sauya wuri. Jiya na ajiye aiki. Gida shida suka rage mini.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Inno, Ka gafarta mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ka saka mata da Aljannar Firdausi a kan kowane yaro da ta tsaya ta saurara. Ka ba mijinta Malam Buhari haƙurin rashinta, Ka raya 'ya'yanta huɗu a kan gaskiya. Ka tsare su daga ranar da mutuncinsu zai rataya a kan shaidar mutane irinmu. Amin.