Lauyar da Ta Ƙwanƙwasa Ɗakin Baya

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, ina tsaye a ƙofar wani gida ina laluben makulli don in nuna wa masu saye, mijinki ya kira ni ya ce Allah ya yi miki rasuwa da hantsi, a asibitin da kika yi jinya. Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Na ba mutanen haƙuri suka tafi, na zauna a kan dakali, na daɗe ban iya tashi ba.

Barista, ni dillalin gidaje ne, ke kuma lauya ce mai tsaya wa masu sayen gida. Wanda ya san sana'armu zai yi mamakin ganin dillali yana miki kuka, domin babu wanda ya kai ki jinkirta mana ciniki. Mu so muke a sa hannu yau, a miƙa makulli gobe. Ke kuwa sai kin je ofishin filaye kin tabbatar da takardar mallaka, kin kira safiyo ya auna katanga, sannan kin taka gidan da ƙafarki ɗaki bayan ɗaki. Idan kika hango ni ina shigowa ofishinki, murmushi kike yi ki ce ga Sarkin Gaggawa nan ya iso, a ba shi kujera ya huce.

Cinikin da ya sa na san ko ke wace ce, na wani malamin makaranta ne da matarsa, ma'aikaciyar jinya. Sun daɗe a haya, mai gidan ya ba su notis, matar kuma tana da tsohon ciki. Na samo musu gidan gado a hannun wasu 'yan'uwa maza biyu. Takardu sun cika, farashi ya yi, kowa ya yarda. Saura ki zo ki gani.

Mun zagaya falo da ɗakuna, kin duba silin, kin murɗa famfo. Muna shirin fita kika tsaya a tsakar gida kina kallon igiyar shanya. Akwai zane a kanta, bai gama bushewa ba. Kika tambayi babban cikin 'yan'uwan ko wa ke kwana a ɗakin baya. Ya ce ƙanwarsu ce, ta dawo gida tun da mijinta ya rasu, amma kada mu damu, za su sallame ta. Kika je ƙofar ɗakin kika ƙwanƙwasa, kika yi sallama, kika cire takalmi kika shiga.

Daga baya kika gaya mini abin da kika tarar. Mace ce mai ɗinki, kekenta a bakin taga, ɗakin a share tas. Ba ta san ana sayar da gidan mahaifinta ba. Mutanen da take gani suna shiga da fita, an ce mata masu fenti ne. Sunanta kuma babu shi cikin magada.

A bakin ƙofa kika ja malamin gefe, ina jin ku. Ya ce miki notis ɗinsu ya kusa cika, bai san inda zai kai matarsa ta haihu ba, kuma rigimar 'yan'uwa ba tasa ba ce. Kika ce masa: "Malam, kai ka ɗauke ni aiki, kuma kai nake karewa. In ka sa hannu yau, gobe matar nan tana da haƙƙin kai ka kotu, kuma za ta yi nasara. Ko da ba ta kai ka ba, na ga fuskar matarka, ba za ta iya barci a ɗakin da aka fitar da wata tana kuka ba. Ka ba ni lokaci."

Ranar ban ji daɗinki ba, na ɗauka cinikin ya mutu. Ashe aiki kika fara. Da kanki kika je wurin mai gidan hayar malamin, kika zauna da shi har ya ƙara musu wa'adi. Kika tara 'yan'uwan uku a ofishinki, ƙarƙashin fankar nan mai ƙara, zama bayan zama. Ba ki zagi yayyen ba, ba ki kunyata su a gaban ƙanwarsu ba. Kin nuna musu abin da doka ta ce, kin bar su sun yi wa juna faɗa, sun tuno mahaifinsu. A zama na ƙarshe ƙaramin wan ya fashe da kuka ya nemi gafararta. Aka sa sunanta, aka ware mata rabonta, aka rubuta cewa za ta ci gaba da zama a ɗakinta har ta sami wurin komawa. Kafin ta sa hannu kika karanta mata yarjejeniyar layi-layi, kina tambayarta ko ta gane, ko akwai abin da zuciyarta ba ta so.

Malamin da matarsa suka tare, mai ɗinki tana ɗakin baya. Da naƙuda ta zo, mijin yana makaranta, mai ɗinkin ce ta tari mota ta kai matar asibiti. Daga baya na samo wa mai ɗinkin ƙaramin gida a layin da ke bayansu, ke kika duba mata takardu, kuma kika sa ni jira kamar yadda kika saba. Yaran malamin har yau Gwaggo suke ce mata. A gidan makokinki tare na gan su sun shigo, ma'aikaciyar jinyar tana riƙe da hannunta.

Akwai kuma tawa. Na shafe shekaru ina miƙa wa mutane makullin gidajensu ni ina haya. Da Allah ya hore mini nawa, na kawo miki takardun ina cewa ki leƙa kawai, ai ni na san harka. Kika ce in koma in zo da matata. Kika zaunar da ita kusa da ke, kika yi mata bayanin komai, kika ce gidan da za ta share kullum ya kamata ta san abin da aka rubuta a kansa. Matata ba ta taɓa mantawa ba. Da na gaya mata rasuwarki, ɗaki ta shige ta rufe ƙofa.

Zuwana na ƙarshe asibiti, kin rame, magana ma da ƙyar. Na yi niyyar yi miki godiya, kika riga ni da tambaya ko na gyara magudanar ruwan da kika ce in gyara kafin damina. Na ce na gyara. Kika ce za ki aiko a duba, don ba ki yarda da maganar dillali ba. Muka yi dariya, mijinki ma ya yi, yana share ido.

Shekaranjiya wani saurayi da zai sayi gidansa na farko ya tambaye ni wane lauya zai nema. Na fara yi masa kwatancen ofishinki, na kai shi har kwanar kantin magani, sannan na tuna. Na ce masa ya ba ni kwana biyu in yi tunani. Har yanzu ban kira shi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, da 'ya'yanki, da mahaifiyarki da ta ga wannan rana, da abokan aikinki, da duk iyalan da suke kwana cikin kwanciyar hankali a gidajen da kika tsaya musu. Allah ya ba ku haƙuri da juriya.

Barista, Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya yalwata shi. Gaskiyar da kika riƙe wa mutane Allah ya sa ki same ta a mizaninki, ya ba ki masauki a Aljanna Firdausi. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen. Amin.