Sun Shafa wa Birkin Habu Mai

Habu ya rasu.

Ina zaune a ƙofar gida da safen nan, ko shayi ban kurɓa ba, ƙaninsa ya zo ya tsaya a kaina. Na ce, "Faɗi kawai." Ya ce, "Mushe, Yaya ya cika a asibitin Damagaram."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta. An ce in yi haƙuri, an ce in kama bakina. Haƙurin zan yi, don ba ni da yadda zan yi da mutuwa. Bakin ne ba zan kama ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Habu malamin dabbobi ne. Da sa'o'insa suka tafi ci-rani Kano, shi ya zauna. Bana da ruwa ya ƙi, ciyawa ta ƙare, shanu suka fara kwanciya ba su tashi, shi ne ke zagaya rugage daga Tsauni har Dawce da jakar allura a baya. Man fetur ya gagari talaka, sai ya jingine moto, wato babur ɗinsa, ya koma kan keken da furoje, ƙungiyar tallafin da yake wa aiki, ta raba wa ma'aikatanta, irin mai manyan tayoyi da giya da faifan birki, wanda ake kira VTT.

Mushe yake kirana kamar kowa, wato malam da Faransanci, tun zamanin da nake koyar da kanikanci a lekwal, makarantar boko. Sai dai shi yakan karya kalmar da gangan ta koma mushen dabba.

"Bana na ga mushe har na gaji," in ji shi, "amma kai kaɗai ne ka ƙi ruɓewa."

In ce, "Likitan awaki, wuce ka ba ni wuri."

Ba ya wucewa. Sai ya jingine keken ya zauna.

Tun da aka rufe ɗakin koyon aikinmu aka sallame mu da takardar godiya, mutane suka rage tsayawa a ƙofata. Ban ga laifinsu ba, bakina ba daɗi. Habu bai taɓa ragewa ba.

Shi ke karanta mini rubutun jikin magani tun da idona ya fara hazo.

Akuyar mai ɗakina ta sha leda ta kumbura, ya durƙusa a cikin turke da farar rigarsa ta Juma'a har ta miƙe.

In ya dawo daga ruga yakan riƙo mini nono a gora. Bana babu nonon, sai ya riƙa zuwa da aduwa cike da aljihu, ya zube mini a tabarma ya ce, "Tsotsa, ɗacinku ɗaya."

Haɗuwarmu ta ƙarshe, tun daga kan kwana na san shi ne, saboda birkinsa na ƙara kamar ana yanka zakara. Na sa ya kifa keken. Na duba. Ba wani abu ba ne, ƙura ce ta hau faifan, takalmin birkin kuma ya fara cinyewa. Na goge abin da zai gogu, na ce, "Takalmin nan ya kusa, a nemo sabo. Kafin nan zai yi ta ƙara, amma zai kama. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka bar kowa ya kusanci faifan nan da mai."

Ya yi dariya. "Bar shi ya yi ta kuka, Mushe. Shi ne ƙararrawata. Awaki na ji suna kaucewa."

Na ce, "Kada ka kai shi wurin mutumin nan."

Ya ce, "Doka ce daga biro, ofishin furoje. Duk wata sai an kai masa ya duba ya sa hannu. Wanda bai kai ba a karɓe keken." Ya hau, ya waiwayo. "In na dawo daga Tsauni zan zo ka ƙarasa zagina."

Mutumin da nake nufi, duk Matameye an san shi. Ba zan kama sunan da ubansa ya raɗa masa ba. Zan kira shi da wanda ya rubuta wa kansa a allon rumfarsa: Injiniya.

Sana'arsa wankin moto. Bai taɓa kwance giya ya mayar ba. Amma yana da wani nasa a inda ake raba kwangila, sai aka wayi gari kekunan furoje duka suna hannunsa.

Na daɗe ina kallon abin da yake musu.

Yakan ɗauki injin feshin ruwa mai ƙarfi ya saita shi a tsakiyar taya, ruwan ya kori man giris ya shiga cikin boris, 'yan ƙwallayen da taya ke juyawa a kansu, ya kwana. Bayan 'yan makonni ka ji ƙafar tana gurnani.

Yakan tsoma buroshi a gwangwanin baƙin man da aka juye daga mota ya laɓta wa sarƙa. A ƙasarmu ta rairayi! Yashi ya manne, sarƙar ta koma dutsen niƙa, ta cinye haƙoran giya ɗaya bayan ɗaya. Sarƙa ɗigon mai mai tsabta take so, a goge saura da tsumma, shi ke nan.

Giya ta ƙi shiga, guduma. Noti ya ƙi sifana, filaya, har kansa ya mulmule. Taya kuwa ya yi ta ɗura mata iska sai ta yi tauri kamar ƙarfe, ta daina riƙe ƙasa.

Na yi magana. Na je har biro da ƙafata. Wani mai ƙamshin turare ya bar ni a tsaye, ya ce, "Tsoho, zamaninku ya wuce." Na dawo gida. A lokacin keke kawai yake kashewa.

Shekaranjiya Habu ya kai nasa. Iro mai shayi, wanda teburinsa ke kallon rumfar, shi ya ba ni labari yau a hanyar maƙabarta, muryarsa ƙasa-ƙasa. Habu ya bar keken ya tafi sallar azahar. Injiniya ya matsa birki, ya ji ƙara, ya yamutsa fuska. Ya ɗauki buroshin nan na baƙin mai ya shafe faifan gaba, ya shafe na baya. Da Habu ya dawo ya ce masa, "Ga shi nan, na kashe maka kukan."

Abin da suka iya ke nan, shi da waɗanda suka ɗaure masa gindi. Duk abin da ya yi ƙara, ba sa tambayar me ke damunsa. Su dai ya yi shiru.

Cikin gari fili ne, ba ka buƙatar birki sosai, ka ɗan ja ƙafa ka tsaya. Jiya da hantsi ne Habu ya fito daga wata ruga ta bayan Tsauni, inda hanya ke gangarowa daga tudu ta faɗa kan babbar hanya. Motar dusa na tafe. Direban, bawan Allah, yana kuka yana rantsuwa: ya hango shi ya damƙe birki da hannu biyu, yana jan ƙafafu a ƙasa, keken bai ko rage gudu ba har ya faɗa gaban motar.

Na ga takalman ƙafarsa. Gaban duka biyun ya cinye.

An kawo keken gidansu a amalanke. Kafin a fito da gawa na zaga inda aka jingine shi, na zaro farin hankicina na goga a faifan. Ya fito baƙi ƙirin, yana maiƙo, yana warin inji.

Wurin zaman gaisuwa sai ga Injiniya cikin shadda mai sitaci. Ya bi layi yana miƙa hannu har ya iso kaina.

"Mushe, sai haƙuri. Kwana ne ya ƙare."

Na sa masa hankicin a tafin hannu na dunƙule masa yatsu a kai. Na ce, "Riƙe. Naka ne, ka manta shi a birkin Habu."

Ya buɗe, ya gani, ya rasa inda zai sa shi. Malam Liman ya kama hannun rigata ya ce, "Mushe, ba nan ba, ba yau ba." Na girmama shi na zauna.

Na san kwana ya ƙare. Ba wanda zai koya mini imani da ƙaddara, na binne 'ya'ya da hannuna. Amma ba ƙaddara ce ta tsoma buroshi a gwangwani ba.

Tun ba a watse ba saƙo ya zo daga biro, wai keken kayan furoje ne, a mayar da shi a gyara. Kun san wurin wa za a kai shi. Ya wanke shi fes da injinsa, gobe a ce Habu ne ya yi ganganci. To, keken ku zo ku ɗauka. Faifan biyu da takalman birkin suna wurina, ni na kwance su, a gaban shaidu.

Abokan aikin Habu, da ku nake yanzu. Duk wanda kekensa ya shiga rumfar nan, kada ya hau gobe. Ku goga farin ƙyalle a faifan. In kun ga maiƙo, faifan zai wanku da alkol irin na wanke ciwo, amma takalmin da ya sha mai ya mutu, wanki ba ya tashinsa, sai dai a jefar a sa sabo. Ku turo kekunan ƙofata da hannu, in duba muku. Ina da sauran ido na wannan.

Kai kuma Injiniya, ka saurara. Daga gobe bencina yana teburin Iro, daidai ƙofar rumfarka. Zan rataye faifan nan a wuyana. Duk wanda ya tsaya da moto ko keke, zan tashi in nuna masa, in gaya masa na wane ne, in gaya masa 'ya'ya nawa ya bari. Ba zan zage ka ba, ba zan taɓa ka ba. Zan zauna ne kawai, kullum, har ranar da za ka sauke allon nan da hannunka.

Wasu sun kira ni suna cewa in yi hankali, zamanin soja ne, rubutu kaɗan kan sa a zo a ɗauki mutum. Ina ɗan lekwal na ga farin farko da ya kashe dabbobi da mulkin sojan farko. An yi mana alkawarin ƙasa, muka yi karatu kamar za mu mutu, ga ni a kan tabarma. Wanda zai zo ɗaukata ya san gidan, ƙofar ma ba ta rufuwa.

Allah ya jiƙan Habu. Allah ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa wahalar da ya sha a rana saboda dabbobin bayin Allah ta zame masa inuwa. Allah ya ba matarsa Rabi juriya, ya raya mata yaran, ya tsare su daga hannun irin waɗannan mutane.

Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya yi masa Ƙulhuwallahu, ya sa shi a sujada.

Addu'ar Habu nake roƙonku. Ta ɗaya mutumin ku bar mini, ni zan yi ta da kaina.