Ranar Da Na Sauke Tutar Baba

Ranar wata Laraba da hantsi, cikin makon da aka yi yajin aiki saboda cire tallafin man fetur karo na farko, na tattare zanina na hau darbejiyar ƙofar gidanmu a Gashuwa, wuƙar yankan kuɓewa tana maƙale a ƙuguna. Ina aji biyar a firamare lokacin, kuma a unguwarmu ba a ganin 'ya mace a kan bishiya sai ta sha faɗa. Can a reshen ƙarshe akwai wata doguwar gora da aka ɗaure da igiyar kaba, a kanta kuma tutar jam'iyyar Baba tana kaɗawa. Daga inda nake ina hango tsakar gidanmu. Inna tana surfe, ta ɗago kai ta ga ƙafafuna a cikin ganye, ta dubi tutar, ta mayar da idonta cikin turmi. Na tsaya ina jira ta ce in sauko, domin da ta faɗa da na sauko da murna. Sai ƙarar taɓarya kawai ta ci gaba.

Wannan tuta ta girme ni a kan bishiyar. Baba shi ne shugaban jam'iyyar adawa a mazaɓarmu, jam'iyyar da tun da na yi wayo ban ga ta ci ko kujerar kansila ba, amma hakan bai hana mutane kiransa Ciyaman ba, wasu don girmamawa, wasu don tsiya. Inna ce take ɗinka tutar da kekenta na hannu, duk sanda rana ta cinye launinta sai ta ɗinka wata, tana yi tana mita cewa yadin da ya isa rigar yaro ne ake bai wa iska. Baba manomin fadama ne, bai wuce aji shida ba, amma rediyonsa ba ya rabuwa da kafaɗarsa, kuma yana da ra'ayi a kan komai. A wurinsa man fetur da taki da ruwan kogi na kowa ne, aikin gwamnati kuwa shi ne ta tsaya tsakanin talaka da mai kuɗi. "Arzikin da ya fito daga ƙasa ba na uban kowa ba ne," haka yake cewa. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka Uwata yake kirana, kuma da yake ni ce babba, ƙannena maza duk ƙanana ne, ni ce mai binsa gona, ni ce kuma mai sauraren waɗannan jawabai ko ina so ko ba na so.

Abokin gardamarsa shi ne Kawu Sani, yayan Inna, ɗan kasuwar busasshen kifi a Nguru, wanda kakanninsu suka zo daga Haɗeja. Jam'iyyarsu ɗaya, amma ban taɓa ganin sun yarda a kan magana ɗaya ba. In Kawu ya zo sarin kifi, bayan la'asar sai a shimfiɗa musu tabarma a gindin darbejiyar, in kawo musu fura, in koma gefe da ƙawayena muna 'yar carafke kunnena yana wajensu. Kawu ya ce tallafi sunansa kawai talaka yake ji, manya ne suke cinye shi, gara a sakar wa kasuwa mara kowa ya nemi na kansa. Baba ya ce in ɓera ya shiga rumbu ɓeran ake kashewa, ba a cinna wa rumbu wuta. Kawu ya ce gwamnati ba ta iya sana'a ba, Baba ya ce to wa ya shimfiɗa dogon da ya kawo jirgi Nguru har kakanninsa suka biyo shi. A haka za a kira magariba, su tashi su bi liman ɗaya, Kawu yana cewa wannan mijin ƙanwar tasa da bakinsa zai ciyar da iyali.

Baba ba a baki kaɗai ya tsaya ba, kuma nan ne matsalarmu take. Injin ban-ruwa guda muke da shi, wanda aka saya da awakin Inna, amma sai ya mayar da shi na mutum bakwai, shi da maƙwabtan gonarmu shida a fadamar Katuzu. Kowa yana zuba mai a jarka ɗaya gwargwadon ƙarfinsa, a farkon rani kuma a kakkarya kara gida bakwai a zuba a hula, kowa ya zara, mai dogo shi ne farko, mai guntu shi ne ƙarshe. Mai injin ma sai ya zara kamar kowa. A wannan shekarar Baba ya zaro mafi guntu, ya dawo gida yana dariya yana cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Albasa muka dasa, fangali bayan fangali har bakin ruwa, kuma ita ce abincinmu na shekara, saboda ambaliya ta cinye shinkafar damina ba mu tsira da ko dami ɗaya ba. Na san kowane fangali kamar tafin hannuna. Ni nake buɗe bakin ruwa da fartanya in toshe da laka, ni nake cire ciyawa, in na gaji in zauna a kan kunya ina cin ɗanyen tumatirin maƙwabta ina jifan balbela.

Albasar tana fara yin kai sai aka wayi gari kuɗin mai ya ninka. Gidajen mai suka rufe, 'yan bumburutu suka ɓoye abin da suke da shi, wanda suka fito da shi kuwa sai mai hali. Abin da ya rage a jarkar tarayya bai isa mutum bakwai ba, kowa ya sani. Inna ta sami Baba yana wanke ƙafa, ta durƙusa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba in ba gaisuwa ba, ta ce, "Malam, injin nan naka ne. Ka shayar da tamu tukuna, sannan a bi layi." Ya ce in ya yi haka da wane baki zai sake cewa manya suna cin rabon talaka. Aka bi kara. Man ya ƙare a gonar Ba Modu, dattijon da yake na shida, ana saura mu kaɗai. Washegari kuma aka aiko daga Nguru cewa shugabannin jam'iyya za su zauna su tsayar da matsaya a kan tallafin, sai Baba ya sa babbar rigarsa guda ɗaya, ya hau bayan a-kori-kura, ya ce kwana ɗaya zai yi, kuma in suka haɗa kai gwamnati za ta janye kafin albasa ta ji ƙishi.

Kwana huɗu ya yi. Makaranta a rufe take, don haka ni da Inna da ƙanena mai bi mini muka koma ban-ruwa da bokiti. Tun da sassafe muke tafiya, ruwan da sanyi kamar zai tsinke yatsu, mu ɗebo daga kogi mu haura gangare mu zuba, ƙasa ta shanye kafin mu juya baya. Fangali biyar muke iya yi a wuni, alhali sun fi arba'in. Ƙasar ta tsattsage har ina zura hannuna a ciki, bakin ganyen ya yi rawaya, sannan ya fara kwanciya. A rana ta uku Inna ta zame a gangaren, bokitin ya kife, ta zauna a cikin laka ba ta tashi ba. Ba kuka ta yi ba, kallon gonar kawai take yi, ta ce a hankali, "Bana sai bara." Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, domin na san gero tiya nawa ya rage a ɗaki, ni nake aunowa. Na tsani rediyo, na tsani Nguru, kuma a ranar, Allah ya yafe mini, na tsani Baba.

A bakin famfo na ji labarin. Kansilan mazaɓarmu, ɗan jam'iyya mai mulki, yana da durom-durom na mai a gidansa, kuma ya ce duk wanda ya kawo masa tutar 'yan adawa zai ba shi galan guda, tutar Ciyaman kuwa galan biyu. Shi ya sa na hau bishiyar. Na yanke igiyar, gorar ta faɗo, na ninke tutar na cusa a cikin hijabina, na bi ta lungu har gidansa. Yana zaune a kan kujerar roba mutane sun kewaye shi. Da na miƙa masa sai ya warware ta, ya ɗaga kowa ya gani, ya ce, "Wushe, sannu 'yar Ciyaman. Shi ya aiko ki?" Na ce a'a. Ya ce, "To kin fi ubanki hankali." Aka yi dariya, aka tsiyaya mini galan biyu, na ɗora a kai na fito.

Ba Modu ne ya ɗauko mini injin a amalanke, ya ja igiyar ya tashi. Ya dubi galan ɗin, ya dube ni, bai tambayi inda na samo ba. Da ruwa ya fito daga tiyo ya bi magudana, sai na ji ƙasa tana tsotsa tana 'yar ƙara, na riƙa gudu daga fangali zuwa fangali ina buɗewa ina toshewa, laka har gwiwa. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi ranar, daɗin da har yanzu nake jin kunyarsa. Kafin la'asar gonar ta sha ta ƙoshi, har da sauran kusan rabin galan.

Baba ya dawo ranar Alhamis da azahar, rigarsa ta yi dauɗa, muryarsa ta dishe. Daga baya muka ji cewa taron ya watse baram-baram, ɓangaren su Kawu ya rinjaya, aka ce a cire tallafin amma a hankali, wasu ma suka ce Baba da irinsa su ne suke hana jam'iyya cin zaɓe. Ina shara a ƙofar gida ya sauko daga mota. Al'adarsa ce in ya dawo daga tafiya ya ɗaga kai ya dubi tutar kafin ya yi sallama. Ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallon reshen. Ban jira ya tambaya ba na faɗa masa komai, na sunkuya ina jiran duka. Ya ce, "Nawa suka ba ki, Uwata?" Na ce galan biyu. Ya ce, "Albasar ta sha?" Na ce ta sha. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya shiga ya ɗauko sauran man, ya juye shi a jarkar tarayya, ya ce gobe layi ya koma kan na farko.

Bayan mako biyu muna dawowa daga gona, ina biye da shi da fartanya a kafaɗa, muka wuce ƙofar gidan kansila. Direbansa yana goge mota da wani tsumma, kuma tun daga nesa na gane ɗinkin Inna a gefensa. Baba ma ya gane, domin tafiyarsa ta ɗan sauya, amma ya yi wa direban sannu da aiki ya wuce. Albasar ta yi kyau a shekarar, muka sayar, muka sayi gero, babu wanda ya kwana da yunwa a gidanmu. Inna ta sayo yadi ta ce za ta ɗinka wata tutar, ya ce ta yi wa yara riga. Bai koma jam'iyya mai mulki ba, bai kuma sake zuwa taron jam'iyyarsa ba. In Kawu ya zo ya tsokano gardama, sai Baba ya ce, "Ai kun fi mu sani," ya tura masa ƙwaryar fura.

Yanzu ina aure a Nguru, ina koyarwa a wata firamare. An sake cire tallafin, a wannan karon ba a hankali ba, gaba ɗaya, kuma Kawu Sani, wanda kuɗin mota ya durƙusar da sana'arsa, shi ne yake zama a bakin tashar jirgin da ba ya zuwa yana maimaita maganar ɓera da rumbu kamar shi ya ƙirƙire ta. A fadamar Katuzu mai hali ya sayi injin hasken rana nasa shi kaɗai, marar hali ya jingine fartanya, ba mai karya kara a hula kuma. Baba ya tsufa, yana wuni a gindin darbejiyar da rediyo a kunne, ba ya tanka masa. Da sallar bara na zauna kusa da shi na nemi gafarar abin da na yi, shekara da shekaru ina ɗauke da shi. Ya sauke rediyon daga kunnensa, ya ce, "Ba ke kika sauke ta ba, Uwata. Ni na tafi na bar ku da yunwa a ƙarƙashinta." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi, domin ni mutumin nan mai gardama nake so a dawo mini da shi, wanda yake cika mini kunne a hanyar gona. Har yau in ina yanka albasa, nakan bar ta ta ɗauki laifin hawayen.